Ranar da na kashe fasinjojin jirgin sama

Zamanin mulkin soja, bidiyo ɗaya gare mu a garinmu Malanville na bakin kogi, a rumfar bayan kasuwa. Rannan muna kallo, an harbe matuƙin jirgin sama, jirgi na tangaɗi, sai injin wuta ya mutu. Ban taɓa ganin fim ɗin ba, amma na gyara hula na ce, "Na kalle shi a birnin Kwatano. Ba wanda ya tsira."

Baba Sani masunci ya ɗaga hannu, munka shafa musu Fatiha.

Washegari anka gyara inji, munka ci gaba da kallo. Jirgi ya sauka lafiya, ba ko ƙwarzane.

Har yau in na shiga kwalekwalen ƙetarawa zuwa Gaya, sai matuƙi ya ce, "Jama'a, a yi Fatiha tun yanzu, mutumin Kwatano ya shigo."