Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Cewa Motarka Dizal Take Sha

Da farko ina taya ka murna, ka yi mota. Ta hannu ce, ta ga jiya ta ga yau, amma kujerunta za su kwashe kai da matarka da yara har a samu wurin kwandon kaya. Matsalar guda ce. Man dizal take sha, surukinka kuwa ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa motar dizal ta masu dakon siminti ce, 'yarsa kuma ba buhu ba ce da za a riƙa jigilarta a ciki. Kai ma kana wurin a ranar, ka gyaɗa kai, har da ƙarin "Gaskiya ne, Baba." Ban ga laifinka ba. Tun da ka auri 'yar tsohon nan abin da kake nema bai wuce ya dube ka sau ɗaya ya ce ka yi abin kai ba, har yau kuwa bai ce ba.

Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci tsohon ba zai taɓa sanin abin da motarka take sha ba.

Mataki na 1: Ɗora laifin a kan dillali

Mai jin kunyar kansa ba ya iya ƙarya mai kyau, don haka fara wanke kanka. Ba kai ka sayi motar ba, sayar maka aka yi. Tuna yadda dillalin ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Maigida, wannan injin ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya gaji." Tuna yadda ya ce wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa kasuwa da ita, alhali kujerar direba ta lotsa kamar an yi shekaru ana daka a kanta. Duk lokacin da zuciyarka ta fara damunka, ka ambaci dillalin, za ka ji sanyi.

Mataki na 2: Nemi goyon bayan cikin gida

Matarka za ta gane tun ranar farko, kada ka ɓata lokacinka. Zaunar da ita ka yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa. Za ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, "Baban yara, ni dai babu ruwana. Ranar da Baba ya gane, ban ma san ka iya tuƙi ba."

Wannan amincewa ce, karɓe ta hannu biyu.

Yara kuwa kada ka kuskura ka furta kalmar dizal a gabansu. Abin da yaro ya ji da safe, kakansa zai ji shi kafin rana ta faɗi, da ƙari a kai. Ka riƙa cewa za ka je ka ba mota magani. In sun tambayi ciwon me take yi, ka ce tsufa.

Mataki na 3: Kankare shaida

Akwai 'yar takarda manne a murfin tanki da ke faɗin irin man da motar take sha. Ɓare ta. Akwai wasu haruffa na ƙarfe a bayan motar, su ma tonon asiri ne. Sa wuƙa ka ɓamɓare, in fenti ya biyo wuƙar ka liƙa hoton fure a wurin.

Mataki na 4: Ƙarar inji

Nan ne aikin yake. Motar fetur tana tashi kamar mage, taka kuwa tana tashi ne kamar an zuba cokula a tukunya ana girgizawa. Maƙwabta sun daina saita agogo, da kai suke tashi.

Sa'arka ɗaya, kunnen Baba ya fara nauyi. Amma kada ka dogara da wannan, kunnen suruki yana warkewa nan take idan akwai abin da zai kama ka da shi. Da zarar ya iso ƙofar gida ka ƙure rediyo. In ya karkata kai ya ce, "Malam, wane ne yake niƙa a unguwar nan?" ka nuna gidan maƙwabci da baki ka girgiza kai cikin takaici. Ka ce janaretansa ne, kun yi magana har kun gaji. In motar tana tafiya kuma ƙarar ta biyo ku har bakin titi, ka ce ai abin da ake faɗa ke nan, Baba, janaretan mutumin nan ya addabi gari.

Masana sun ce mutum ba ya jin ƙara biyu a lokaci guda. Ban san waɗanne masana ba ne, amma ka sa yara su yi waƙa.

Mataki na 5: 'Yar fitilar nan

Ka san in ka murɗa makulli da safe akwai 'yar fitila mai kama da lanƙwasasshiyar waya da take kunnuwa a gabanka, kuma dole ka jira ta mutu kafin ka tayar da inji, in ba haka ba motar ta yi ta tari tana ƙi. Motar fetur ba ta da wannan jiran. Saboda haka jiran nan yana buƙatar dalili.

Rufe fitilar da hannun hagu. Da na dama ka gyara madubi, ko da a daidai yake. Juya ka ƙirga yara da ƙarfi, kamar kana shakkar yawansu. Tambayi kowa ko ya ɗaura bel. Tambayi matarka ko ta kashe murhu, ta kashe ko ba ta kashe ba za a yi musu, musun kuma zai ishe ka. Baba zai lura da duk wannan ya ce a ransa yaron nan akwai natsuwa. Ka ga ka ci riba a inda ba ka zuba jari ba.

Mataki na 6: Hayaƙi

Doka ɗaya ce, kada surukinka ya taɓa tsayawa a bayan motarka. Da ka hango shi ka ruga ka buɗe masa ƙofar gaba, ka riƙe masa sanda, ka zaunar da shi, ka rufe. Mutane za su yi ta yaba tarbiyyarka. In ya ce zai sa jakarsa a but da kansa, ka fizge jakar cikin ladabi.

Madubin gefensa kuma ka karkatar da shi sama ya riƙa kallon gajimare. Babu amfanin ya ga mai babur ɗin da ke bayanku yana goge fuska yana yi muku daƙƙuwa. Shanyar matarka ma a mayar da ita can nesa da motar, domin fararen kayan makarantar yara sun fara komawa ruwan toka, kuma surukarka, kakar yara, ba ta rasa tambaya a kan wanki.

Mataki na 7: Shan mai a ɓoye

Kada ka sha mai a unguwarku. Tafi can bayan gari inda manyan motoci suke layi, ka kutsa 'yar motarka tsakanin tirela da tifa kamar ɗan akuya a garken shanu. Direbobin za su leƙo daga sama su ce, "Ƙaramin direba, yau me aka ɗauko?" Yi dariya, ba su san surukinka ba.

In ka dawo ka wanke hannu da sabulu, ka sake wankewa, sannan ka ɓare lemo ka murza ɓawon. Warin dizal ba ya jin magana, shi ya sa za ka koyi gaisawa da hannu a naɗe cikin riga, wanda shi ma ladabi ne.

Abu mafi muhimmanci, duk ranar da za ka ɗauki Baba ka tabbata tanki a cike yake.

Mataki na 8: Ranar da dabararka za ta yi aiki fiye da kima

Wata safiya zai aiko cewa ka kai shi ya gaida ƙanwarsa a wani gari. Cika tanki, ɗauko matarka, ƙure rediyo, ƙirga yara. A hanya za ka ga yana shafa kujera, yana miƙe ƙafa, yana leƙa baya yana ganin jikokinsa kowa da wurin zamansa babu mai hawa kan wani. Da kun hau wani tudu motar ta haye ba tare da nishi ba, zai yi gyaran murya ya ce, "Tana da ƙarfi."

Kada ka yi kuka, kana tuƙi.

Daga gidan ƙanwar zai ce tunda an fito, a biya ta wurin wani abokinsa da suka yi aiki tare. Daga can a leƙa wani ɗan'uwa da rabon su da gaisawa tun wata rigimar gona. Ko'ina aka tsaya zai fito a hankali, ya dafa motar, ya ce wa mutanen gidan, "Ta mijin 'yata ce. Shi ya zaɓo da kansa." Daɗi zai cika ka har ka manta da allurar mai. Shi kuwa kunnensa ne ya yi nauyi, idonsa garau yake. A hanyar dawowa zai miƙa yatsa ya ce, "Manka ya yi ƙasa. Shiga gidan man can."

Mataki na 9: A bakin famfo

Ka ce, "Baba, ai zai kai mu gida." Zai ce shiga. Ka ce man wurin nan ba shi da kyau. Zai ce shiga. Ka dubi matarka ta madubi, za ka tarar ta zuba wa taga ido kamar ba ta taɓa ganin bishiya ba.

Famfon dizal yana can gefe, wata tanka na tsaye a gabansa. Baba zai nuna maka na fetur. Kashe inji tun daga nesa ka gangara shiru. Kafin ka kwance bel tsohon ya riga ka fita, ba sanda ba komai, ya buɗe murfin tanki da hannunsa, murfin da ka kankare tas. Zai ce wa mai zuba mai, "Cika masa ita har baki. Ni zan biya."

"Baba, da kun bar shi, wallahi ɗawainiyar ta yi yawa."

"Tun da ka auri yarinyar nan ban taɓa yi maka komai ba. Yau ka fitar da ni kunya a gaban 'yan'uwana. Bar ni in yi."

Mai zuba mai zai ɗaga tiyo, ya ɗan shinshina iska, ya dube ka ya ce, "Fetur ko, maigida?"

Yanzu hanya biyu ce a gabanka. Ko ka buɗe baki ka tsira da motarka, ka ga fuskar tsohon nan ta koma yadda ka saba ganinta. Ko ka gyaɗa kai. Tsoro zai kama ka, kuma duk da haka za ka ji wani daɗi da ba ka taɓa ji ba, domin ga shi can yana laluben aljihu saboda kai, baki har kunne.

Gyaɗa kai. Ba don wannan ka karanta har nan ba?

Mataki na 10: Ka ja mota da mutunci

Za ta tashi, kada ka yi mamaki, akwai sauran tsohon mai a hanjinta. Za ku hau titi lafiya. Can gaba za ta fara shaƙuwa. Sai ta yi wata ƙara da ko janaretan maƙwabci ba zai ɗauki laifinta ba, ta yi tsalle, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru. Karkatar da ita gefen hanya a hankali kamar dama nan ka yi niyyar tsayawa. Buɗe gaban motar ka tsaya kana kallon inji da hannu a ƙugu. Ba ka san komai a ciki ba, amma haka ake yi.

Baba zai fito ya tsaya kusa da kai. Zai leƙa injin, shi ma bai san komai ba. Za ku daɗe a haka, kafaɗa da kafaɗa, manyan motoci na wucewa suna kaɗa muku riga. Sannan zai dafa ka ya yi ajiyar zuciya.

"Kada ka sa damuwa a ranka, ba laifinka ba ne. Motocin fetur ɗin nan duk haka suke, kyan ɗan maciji. Abokin nan nawa da muka biya wurinsa ɗazu, ka ga wadda ke ƙofar gidansa? Dizal take sha, ya ce tun da ya saya ko tari ba ta taɓa yi ba. Ni ma a da ina kushe su, amma mutum yana girma yana ƙara sani. In ka ji shawarata, rabu da wannan ka nemi mai dizal."

Daga cikin mota za ka ji wani sauti, matarka ce ta cusa fuska a jaka, kafaɗunta na rawa. Kada ka waiwaya. Sunkuyar da kai, ka ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Sai ka naɗe hannun riga, domin gari da sauran tafiya, kuma ba a barin suruki ya yi turi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin surukinka ba zai sani ba, kuma bai sani ba, don haka tsakaninmu babu sauran magana. Abin da bakanike zai faɗa maka gobe, da irin kallon da zai yi maka kafin ya faɗa, da dariyar da za a yi shekaru ana yi maka a ɗakinka, duk naka ne kai kaɗai. Kada a kawo mini ƙorafi, kada a jawo motar a ajiye mini a ƙofar gida. In kuma ka hango ni a bakin titi kana turi, ka yi haƙuri, ina da ciwon baya.