Kek Ba Ƙwai a Gidan Malam Sanda

"Lafiya lau, amarya. Gajiyar dai ta ciyar da ke ce," in ji Malam Sanda.

Suwaiba jikarsa ce, kuma ba gaisuwa ta kawo ta ba. Gobe sunan 'yar maƙwabciyarsu Mairo, ita kuwa ta bugi ƙirji a gaban matan Gozaki cewa za ta yi kek ɗin cakulat irin na Funtua. In ta kunyata, ba mai sake ba ta aiki. Ga shi tsohon ya kwashe ƙwan zabin gidan kaf ya sa wa kaza, don zabuwa ba ta iya kwanci.

"Tsoho, ɗan sam mini ƙwai."

"Ko ɓawo ba ki samu. Zabina ne na Sallah. Je ki kasuwa."

"Kasuwar da sai jibi? Rowa dai za ta kashe ka! Riƙe kayanka. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ba ƙwai, ba madara, ba bota, kuma sai ya tashi!"

"Kek ba ƙwai? Ai sunansa ƙanzo. In bai tashi ba na sake ki."

"Saki na nawa kuma? Miji ba haƙori, wa ke so?"

Ta tankaɗe fulawa da garin cakulat, ta sa sukari da bekin soda, ta zuba man gyaɗa da ruwan ɗumi, ta matse lemun tsami. Sannan ta shimfiɗa yashi a gindin tukunya, ta juye ƙullun a kwano ta ɗora a kai, ta jera garwashi a kan murfi.

"Yashi kuma? Gini za ki yi?"

"Rowarka zan binne."

"Mu dai gani a ƙasa. Bari in leƙa."

"A kul! Ka buɗe, in fasa wa kazarka kwanci."

Baki ne kawai take yi, ita ma ba ta da tabbacin zai tashi. Da ƙamshi ya cika tsakar gida ta ɗaga murfin da bisimilla. Kek ya taso har ya tsage a ka. Ta soka tsinke, ya fito tas.

Malam Sanda ya matso da kujerarsa.

"Ina rabon maigida?"

"Ba ka sake ni ba?"

"Na ce in bai tashi ba. Ke dai ba ki jin Hausa."

Ta miƙa masa ɗan ƙarami da ta gasa a gwangwani, wanda dama don shi ta yi. Ya gutsira, ya tauna a hankali.

"Rabona da abu mai daɗi da zan ci ba sai na jiƙa ba, tun kakarki na da rai."

Suwaiba ta kau da kai tana gyara garwashi.

"Kin ci ni, ja'ira," ya ce yana dariya. "In kaza ta ƙyanƙyashe, zabuwar fari taki ce."

"Biyu dai, tsoho. Ɗaya ta biko ce."