Rasuwar Baba Ƙurƙur, Ma'ajin Littafina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da nake ta fama kada ya washe, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar faifan ajiyar kwamfutata, wanda yaran gida ke kira Baba Ƙurƙur. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburina, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin ɗan gidan maganaɗisu ne, tsohon zubi, mai juyi kamar dutsen niƙa. Bai san gaggawa ba. In na kunna shi sai in dafa shayi, in sha, in wanke kofin, shi kuwa yana nan yana gyaran murya. Amma babbar nagartarsa rufin asiri. Shekara tara ina gaya wa dangi ina rubuta littafi. Saboda littafin aka bar mini ɗaki guda, aka ɗauke mini kai yara makaranta, surukina ma har Marubuci yake ce mini. Marigayi kaɗai ya san tsawon littafin nan, kuma bai taɓa buɗe baki ba.

Ciwon ya fara da tari: ƙur, ƙur, ƙyat. Sai mantuwa ta biyo baya. Ranar Talata ya yi ƙyat ɗaya ya yi shiru. Mai gyara ya kara shi a kunne, ya girgiza kai, ya ce allurar da ke cikinsa ta karce faifan, ko harafi ba zai fito ba. Sau uku na tambaye shi ko ya tabbata. Na sauko matakalar shagonsa bibbiyu, ina rungumar mutanen da ban sani ba, suka ɗauka zafin rashi ne. Kafin in isa gida littafin ya kai shafi ɗari shida a bakina. Wallahi rabon da in ji daɗi haka na manta.

Ya bar linzamin kwamfuta ɗaya, da allon rubutu da haruffansa ke nan sababbi fil, da wani ɗan ma'ajin zamani, filash, ƙanƙani kamar farce. Wannan yaron ba ya juyi, ba ya tari, faɗuwa ma ba ta dame shi ba, kuma mai gyara ya ce gobe ta irinsu ce. Sai jiya na san maiɗakina ce ta sayo shi tun da tarin ya fara, ta kwashe komai a ciki. Ta ce ba ta buɗe ba, don girmama aikina. Na yi mata godiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a kwalin takalmi, a ƙasan ɗorawa. Daga nan maiɗakina za ta karanta wa jama'a littafin gaba ɗaya, surukina a sahun gaba. Ba sai kowa ya zo da kujera ba. Shafi ɗaya ne da rabi, rabin kuma sadaukarwa ce.