Ranar da Na Koya wa Maƙeri Ƙira

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Laraba a Agadas ba. Wata uku ke nan da aka turo ni koyarwa daga Maradi, shugaban lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, zai ajiye aiki, malamai suka shirya ba shi kyautar abin wuya na azurfa, irin wanda garin ya yi suna da shi. Da aka tambayi wa zai zaɓo, na ɗaga hannu na ce ai ni ina da ido. (Idon nan bai taɓa zaɓen abin da ya wuce hula ba.) So nake dai a daina kallona a matsayin baƙo.

Madam Hadiza, malamar lissafi kuma 'yar gari, ta raka ni wurin Baba Alhusaini, wani tsohon maƙeri a tsohuwar unguwa. A kan tabarmarsa na ga abin wuya guda biyu. Ɗaya na walƙiya har yana kashe ido, ɗayan kuwa ya ɗan dushe. Na cafki mai walƙiyar, na gyara murya, na shiga yi wa Madam bayani cewa wannan shi ne aikin gwani, wancan kuwa da gani ɗan koyo ne ya jagwalgwala shi. Tana ta taka mini ƙafa, ni kuma ina matsawa, a zatona wurin ne ya yi mata kaɗan.

Tsohon bai katse ni ba. Da na gama ya ce mai walƙiyar wata mata ce ta kawo a gyara mata maratayinsa, ba ma azurfa ba ne, irinsa ɗari ake zubawa a mazubi guda. Ɗayan kuma shi ya yi: ya siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya zuba azurfa, sannan ya fasa yumɓun, don haka ba shi da na biyu. Ya ɗora mini shi a tafin hannu ya ce in kalla da kyau. Zanen siriri ne kamar gashi, kowane layi ya san inda ya dosa, har bayan da ba mai gani an yi masa aiki. Wallahi tsigar jikina ta tashi, kunya kuma ta rufe ni, gumi har cikin takalmi.

Na fara kame-kamen ban haƙuri, ya yi murmushi, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman lakwal da shi, ya ce, "Mushe, in wancan ya fi burge ka, ba laifi, idonka ne. Amma ka ce shi kake so, kada ka ce shi ya fi."

Nasa muka ɗauka, Madam kuma ta kai labarin ɗakin malamai kafin ni. Gaskiya har yau abu mai ƙyalli yana jan raina. Sai dai yanzu ina cewa "ya yi mini", in ja bakina in yi shiru, musamman in akwai tsoho zaune kusa da wuta.