Hotunan Mudir Abdulghani na Hamburg

Duk unguwar Kurayyat da ke Jidda babu wanda Allah Ya yi wa baiwar girma irin Mudir Abdulghani. Mudir ɗin ma, wato darakta, ba wani ofis ne ya ba shi ba, shi ya ga ta dace da shi ya ɗauka. Kullum da safe yakan ja wata doguwar baƙar mota zuwa Abhur, gidan Shaikh Hamad. 'Yan baƙin ciki suna cewa direba ne. Shi kuwa ya sha yin bayani: "Ni da Shaikh abokan kasuwanci ne. Yana zama a baya ne don ya bar mini gaba."

A shekarar da ƙungiyar Hausawan unguwa za ta zaɓi shugaba, Mudir ya riga ya ɗinka alkyabbar rantsuwa, sai ga Muntaka mai shagon yadi ya fito takara. Muntaka kuwa ya taɓa zuwa Alƙahira, abin da ya hana Mudir sakat. Ana cikin haka Shaikh Hamad ya shirya ɗan hutu a Jamus. Nan da nan Mudir ya sanar a ƙofar masallaci cewa za shi Hamburg ya duba wa Jamusawa tashar jiragen ruwansu, ko akwai shawarar da zai ba su. Ya sayi kyamara.

Sun sauka sanyi kamar zai cire kunne. Shaikh ya miƙa masa kwat, Mudir ya ce Allah Ya kiyaye. Haka ya zaga birnin cikin farar jallabiya da alkyabba mai bakin zinariya, yana karkarwa cikin mutunci.

An kai su fadar magajin gari, gini na gani na faɗa. Mudir ya ɗaga kai ya hango gumaka jere a bango, ya ce ba da shi ba. An kai su wata majami'a mai doguwar hasumiya, ya ce me zai gaya wa liman. A bakin wani tafki da ke tsakiyar gari aka ce ya tsaya a ɗauke shi. "Mutum kamata," in ji shi, "da agwagi?"

Sai a tashar jiragen ruwa ya ga abin da ya yi daidai da shi: manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya, kwantena kan kwantena. Ya jira har rana ta leƙo. Can ya hango wani ƙaton jirgi da aka rubuta Jidda da Larabci a bayansa. "Ya gane ni," ya ce. Ya gyara alkyabba, ya tare wani Bajamushe mai wucewa ya miƙa masa kyamara, bai sake shi ba sai da fim ya ƙare kaf a gaban jirgin nan.

Tsaraba ma bai yi wasa da ita ba. Cakulan na yara ne. A tsoffin ɗakunan ajiya na jan bulo da ke bakin ruwa ya samu wani Ba'iraniye, ya saye darduma da za'afaran.

Da ya dawo ya tara dattawa walima. "Ya jama'a," ya ce, "Jamusawa suna ƙoƙari, amma da saura." Aka raba hotuna, suna ta yawo hannu zuwa hannu. Muntaka ya daɗe yana kallon nasa.

"Masha Allah, Mudir. Ashe Jamus ta yi kama da tashar Jidda haka. Har rubutun."

Wani ya juya darduma ya ce irinta ce ya saya a kasuwar Balad, nan cikin Jidda. To fa! Wani dattijo ya ce abin ai mai sauƙi ne, a kawo fasfo a ga hatimi, shi ke nan. Fasfo kuwa tun daga filin jirgi ya koma durowar kafili, wato ubangidansa, inda fasfon kowane direba yake kwana. Mudir ya ce fasfonsa yana hutawa.

Wallahi na tausaya masa a makon nan. Mutum ya sha sanyin Turai har ƙashi, a ce bakin ruwan unguwa ya je! Shaida ɗaya ta rage masa a duniya, ya je ya roƙe ta.

Shaikh Hamad mutumin kirki ne. Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, ya sauke gilashin bayan mota, ya yi magana da Larabcin da kowa a wurin yake ji sarai.

"Wallahi ya je Hamburg, ni shaida ne. Ban taɓa samun direba mai amana irinsa ba. Duk akwatunanmu shi ya yi ta ɗauka, ko jaka ba ta ɓata ba. Yalla, Abdulghani, ta da mota."

Muntaka aka zaɓa. Amma ƙungiya ba ta yi butulci ba. Ganin gogewarsa a ƙasashen waje, ta ɗora wa Abdulghani ɗauko kayan baƙinta daga filin jirgi. Ya karɓa da sharaɗi ɗaya, kuma an cika masa: ana kiransa Mudir na Kaya.