Mafarkin Belel da Likitan Gindin Mangwaro

"Ni Karimu, da kunne nake warkar da mutum, ba allura ba rubutu!"

Haka gogan naka ya dira Zangon Sokode daga Dapaong, zamanin da soja ke mulki, tari ma sai ka waiga. Can ya yi shara a wani asibiti, yana leƙen likita ta taga. Ya ga ana zaunar da masu damuwa da'ira, kowa na faɗin mafarkinsa. Shi ke nan fa, ɗan tsintsiya ya gama karatu!

Ya saka tabarau marar gilashi, ya jera kujeru gindin mangwaro, daf da mai shayi. Jama'a suka zauna, ya ce kowa ya faɗi mafarkinsa.

Tsohuwa Daada ta ce, "Ɗan nan, mugun mafarki ba a faɗinsa, tofarwa ake hagu."

"Wannan zamanin jahiliyya ne, Inna. Baba Belel, bismilla."

Belel makiyayi ya ce, "Na ga babban bijimina ya faɗa rami, maruƙa suka shige gaban garke."

Maimakon sarkin surutu ya tambayi yadda dattijo ya ji, sai ya haye kujera. "Bijimi ai na sama ne! Mai babbar hula zai faɗi, ƙananan kaki su hau. Wallahi na gani ƙarara!"

Wani jandarma ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Kafin la'asar duk da'irar tana gaban kumandan jandarmomi, kujerun ma an kamo su shaida.

"Ranka ya daɗe," in ji Belel, "bijimina da gaske ya faɗa rami a hanyar Nano. Kewarsa nake."

Kumandan ya dubi Karimu. "In likita ne kai, ka san abin da ka faɗa, sai kurkuku. In mahaukaci ne, ka tafi gida. Wanne ne?"

Jama'a, ni na tausaya masa, amma dariya ta ci ƙarfina. Likitanmu ya sauka da hannu da gwiwa, ya yi kukan bijimi, ya tunkuyi tebur, ya kama cinye tsintsiyar ofis.

"Bai isa ba," in ji kumandan. "Ya zaga kasuwa haka."

Ya zaga kuwa, Belel riƙe da igiya, mahauta na taya shi da tsada.

Daada ta share hawaye. "Allah sarki, likitan kirki! Mu muka kawo cutar, shi ya kwashe ta duka."