Harrison da Albam ɗin Baba Alexander

"A duk Kakuri, idan ni Harrison ban rubuta suna ba, mai sunan bai shigo gari ba tukuna!"

Haka gogan naka yake cika baki, tun da soja suka koma bariki ya samu kwangilar rubuta ƙyallen 'yan takarar kansila, kansa ya kumbura. To, shi ne ke neman auren Irene, mahaifinta Baba Alexander kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da Baba zai yi ritaya daga masaƙa, Irene ta lilliƙa tsofaffin hotunansa a albam, wanda za a miƙa masa a wajen liyafa. Ta kai wa Harrison.

"Ɗan take kawai za ka sa a saman kowane shafi," in ji ta. "Da biro, ka ji?"

"Biro? Ni? Haba beb! Ranar nan Baba da kansa zai roƙe ni in aure ki."

Sarkin iyawa ya ɗauko fentin mota. Harafin farko irin na bayan tirela, na biyu irin na allon coci, na uku mai jela kamar ƙadangare, sauran kuwa ƙattai irin na kamfen. Da ya ga ya yi kyau sai ya ƙara wani fentin a kai. Daɗi ya kwashe shi, ya rufe albam tun bai bushe ba, ya ɗora masa bulo wai don ya kwanta.

Ranar liyafa Harrison ya ƙwace makirfo. "Jama'a, ku shirya idanunku!"

Baba ya sa tabarau, ya ja bangon albam ɗin. Ya ƙi buɗuwa. Fasto ya gwada, shi ma ya haƙura. Albam ya zama katako.

"No wahala," in ji Harrison. "Sabon salo ne, sai gwani."

Ya zura wuƙar yanka kek, ya banƙare da ƙarfi. Kyaaat! Ga Baba a hagu cikin kayan aiki, daga wuya zuwa ƙasa. Kansa kuwa yana can dama, manne a jelar harafi, yana murmushi. Irene ta rufe fuska da gyale, ni kaina da nake cikin 'yan kallo sai da na ji tausayinta.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau.

"Yaro, tun ina saurayi nake tsakanin injuna, ko farcena ba su ci ba. Kai ko sadaki ba ka kawo ba, ka cire min kai. Irene, raka shi bakin titi, ki dawo min da naki kan a wuyanki."